Malamar Asabar da Sabulun Foman

Ranar Asabar da safe, lokacin da sauran malaman jami'a ke miƙe ƙafa a gida, ita tana tsaye a ƙofar aji na ƙarshe a sashen karatun ƙarshen mako, tana kokawa da kwaɗon da ya yi shekaru yana mata gardama. Idan ya buɗe sai ta tura tagogi, ta goge allo da kanta, ta jawo kujeru masu ƙwari zuwa gaba saboda masu ciwon baya. Daga nan ɗalibai su fara shigowa: ma'aikaciyar jinya da ta sauko daga aiki ko takalmi ba ta canja ba, direban motar kamfani, ɗan sanda mai furfura a gemu, wata da goyo a baya. Sunanta na gaskiya yana kan takardu, amma kowa Malamar Asabar yake kiranta, har maigidanta idan tsokana ta motsa masa.

Ƙididdiga take koyarwa, darasin da ko yara masu jini a jika gudunsa suke yi, balle wanda rabonsa da aji tun kafin a haifi ɗansa na fari. Sai dai tana da hanyarta. Ba ta yarda da misalin cikin littafi ba ko kaɗan.

"Kada wanda ya kawo mini jan ƙwallo da shuɗi a cikin buhu," haka take cewa ranar farko. "Wa ya taɓa cin abinci da ƙwallon buhu a cikinku? Ku kawo mini abin da yake ci muku tuwo a ƙwarya a wurin aiki."

Sai ma'aikaciyar jinya ta kawo dogon layin marasa lafiya, direba ya kawo tayoyin da ke ƙarewa da wuri, a baje su a allo a yi ta lissafi ana dariya. A tsakiyar mako kuma sai ta saɓa jakarta ta je ta ga wuraren da idonta. Abokan aikinta sun sha yi mata ba'a, wai ita malamar jami'a ce ko mai duba gari? Ita dai ba ta fasa zuwa ba.

Cikin ɗalibanta akwai wani da ake ce wa Foman, shugaban ma'aikata a wata masana'antar sabulu. Babban mutum ne, mai murya kamar injin niƙa, amma da ya shigo aji sai ya laɓe a bayan kowa. Ya tsufa a wurin aikinsa, kuma an gaya masa gaskiya: kujerar manajan sashe ta kusa zama babu kowa, sai dai ba za a ba marar digiri ba. Ya yi ta jan jiki har shekarar ƙarshe, saura aikin bincike kawai. A nan ne kamfani ya mayar da shi aikin Asabar.

Ya zo ofishinta ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula. "Malama, na zo sallama ne. Asabar ɗin ta tafi. Kuma ni na san kaina, in na ajiye yanzu, ba zan dawo ba."

Ta ɗago ta kalle shi ta saman tabarau. Ranta ya ɓaci ƙwarai, don ta ga irinsa da yawa sun tafi a daidai wannan gaɓar, kuma ko ɗaya ba ta sake gani ba.

"Foman, yaushe kuke hutun cin abinci?"

"Da azahar, Malama."

"To, ka tanadar mini benci."

Ya zaci wasa take yi. Sai ga ta a ƙofar masana'anta, mai gadi yana ɗora mata hular kwano a kan ɗankwali. Ma'aikata suka yi cirko-cirko suna kallon Foman, mutumin da tsawarsa ke tsayar da inji, yana ta "to, Malama, to, Malama" kamar ɗan firamare.

Matsalar da ya zaɓa ta daɗe tana damunsa. Sabulu yana tsagewa a ɗakin shanya, ana mayar da shi kwali-kwali. Shi kuwa tuni ya yanke hukunci: masu aikin yamma ne, yaran zamani marasa haƙuri. Ya sha balbale su da faɗa, har biyu daga cikinsu sun daina gaishe shi.

"Nuna mini yadda kake dubawa," in ji ta.

Ya shiga ɗakin, ya miƙa hannu kan kantar da ke kusa da ƙofa, ya ɗebo sabulu. "Kin gani? Na 'yan yamma ne. Duk a tsage."

"Na can ƙuryar fa?"

"Wancan na 'yan safe ne, lafiyarsa lau. Su suke fara cika ciki, na 'yan yamma ya tsaya a nan baki."

"Kullum?"

"Kullum, Malama."

Ta ɗaga ido sama. A saman kansu wata ƙatuwar fanka tana hura iska kai tsaye kan kantocin bakin ƙofa. Ba ta nuna masa ita ba, kuma wannan shi ne halinta da ɗalibai suka fi jin haushi, suka kuma fi gode mata a kai daga baya. Abin da ta ce kawai shi ne, "Me muka ce a aji idan abu biyu suna tafiya tare kullum?"

Foman ya sosa ƙeya. "Sai a raba su a gani."

Ya raba su. Ya sa na 'yan safe a baki, na 'yan yamma a ƙurya, yana ɗiba daga sama da ƙasa, kusa da nesa, yadda aka koya masa. Ita kuma tana zuwa mako-mako, su zauna a benci cikin ƙamshin sabulu, tana jan layi da jan biro a kan aikinsa ba sani ba sabo. Da sakamako ya fito, sabulun 'yan safe ne ya tsage. Ashe iskar fanka ce ke busar da bayansa da sauri tun cikinsa bai bushe ba. Waɗanda suke wurin sun ce Foman ya daɗe yana kallon fankar nan, sannan ya tara 'yan yamma ya ba su haƙuri a gaban kowa, ya saya musu lemo. Ɗayansu ya ce, "Oga, don Allah ka ci gaba da karatun nan, yana yi mana amfani!" Har Malama sai da ta riƙe ciki don dariya.

Ya kare bincikensa a gaban malamai gumi na zuba, amma babu tambayar da ta kayar da shi, don a kan abin da hannunsa ya taɓa ake tambayarsa. Digiri ya fito, kujerar manaja ta biyo baya.

Ke ce, Malama, wadda ba ta taɓa tambayar ɗalibi me ya sa ya makara shekara ashirin ba. Ke ce kika gane cewa babba ba ya zuwa aji hannu rabbana, da aikinsa yake zuwa, kuma ilimin da bai shiga cikin aikin nan ba a bakin ƙofa zai bar shi. Uwar masu furfura, mai aji a kan benci, sannu da ƙoƙari.

A ƙarshen zangon nan Malama za ta yi ritaya. Asabar ɗin da ta wuce tana cikin darasi sai ga Foman a ƙofa, ya turo mutum uku a gabansa, duk daga cikin 'yan yamma. Abu na farko da ya yi da ya hau kujera shi ne cire duk mai son karatu daga aikin Asabar.

"Malama, na kawo miki su, sai kuma na ji wai tafiya za ki yi?"

"Daga albashi zan yi ritaya, Foman, ba daga benci ba. Ku shigo ku zauna. Kai ma zauna, a gaba."

Mun gode, Malama, Allah ya saka da alheri, ya ba ki hutu mai daɗi idan kin yarda kin huta. Malaman jami'a kuma, ku taka ku je ku ga inda ɗalibanku ke neman abinci, ba zai rage muku daraja ba. Ku kuma masu mutane a ƙarƙashinku, akwai wani a cikinsu da rana ɗaya tak a mako ta tsaya tsakaninsa da digiri. Ku ba shi ranar.