Haƙoran Roba a Watan Azumi

Shekarar da ƙofar trotro, motar haya, ta doke ni a baki a hanyar Tafo, haƙorana uku na gaba suka zube, azumi kuma ya kusa. Ni ne mai jan baƙi a masallacin unguwarmu a Alabar: in karanta aya, Malam ya fassara wa jama'a. Tun ina saurayi nake kan wannan tabarmar, kuma ban taɓa tunanin wani zai hau ta ina raye ba. A damana kullum wani almajirin Malam mai murya yake zama, yana bin karatuna a hankali.

Na je wurin wata likita a Adum, Ba'ashantiya da ta tashi kusa da Zongo. Ta ɗauki hoton bakina, wani inji ya fitar da haƙora uku a manne da juna, na roba, ta liƙa mini. Na gaskiyar, in ji ta, sai bayan Sallah.

"Malam, ji ni da kyau," ta ce da Hausarta. "Ba ruwa zafi, ba sifirit na wanke ciwo, ba asuwaki koraa, ko sau daya. Buroshi mai laushi kawai. Mu ma nan, in ya fito inji, wanka kadan muna yi masa da sifirit. In ya dade ciki, karfi nasa ya tafi."

Daga ranar na zama fursunan bakina. Ba na gatsa nama, ba na dariya sosai. Kafin salla kowa na goga asuwakinsa, ni na sunkuyar da kai kamar marar gaskiya. Amma karatu yana fita tsaf, shi ya sa na haƙura.

Azumi ya yi nisa, wata safiya ina alwala a tsakar gida, na kurkure baki na tofar, sai haƙoran suka bi ruwan. Ina kallo suka gangara cikin gota, inda ruwan wankin gidan duka yake bi, har da na bayan yara.

Yayata ce ta riga ni tsamo su. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma mace ce da ko sabuwar tukunya sai ta dirje ta kafin ta yarda da ita.

Na ce, "Yaya, ba ni in ɗauraye da ruwan sanyi. Likita ta hana..."

"Likita ce za ta tsaya maka gaban Allah? Abu ya faɗa najasa, ka mayar baki ka karanta Alƙur'ani? Daabi! A'a! Ba kai kake koya wa mutane tsarki ba?"

Na san ruwa mai tsarki ya isa, na kuma gaya mata. Amma a gaban Yaya duk karatuna ba ya wuce na yaron da ta yi wa wanka. Haushi ya cika ni, na tsaya ina kallo. Ta zuba musu tafasasshen ruwa, ta dirje su da toka da soso, sannan ta jefa su a kofin sifirit, ta rufe, ta ce sai azahar. Da suka fito sun yi fari fat, ita kuwa sai murna.

Da na kai wa likita su, ta juya su a tafin hannunta, ta shinshina, ta kalle ni. Ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta ce sababbi ba za su samu ba, don robar da injin yake aiki da ita ta ƙare, ana jiran ta daga Accra. Ta sake liƙa su, ta ce in yi karatu a hankali.

Ta yaya ake jan baƙi a hankali? Masallaci cike, lasifika a gaban bakina, Malam yana son murya ta kai bakin titi. Kullum bayan la'asar nakan zauna gabana yana faɗuwa, ina taɓa su da harshe tsakanin aya da aya.

A goman ƙarshe, ina tsakiyar wata doguwar aya, na ji ƙas. Na tsakiyar ya rabu, ya faɗo kan harshena, iska ta fara tsere mini ta giɓin. Na lallaɓa na kai ƙarshen ayar, Malam ya shiga fassara.

Guntun roba na baki. In na haɗiye, ina tsoron azumina. In na tofar, a masallaci nake, sahun gaba duka idonsu a kaina. In na ci gaba, haruffan Allah za su fito a karkace ta cikin lasifika.

Malam ya gama, ya juyo yana jira. Ya ɗan buga gwiwata. Na girgiza kai, bakina a rufe. Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙa hannu ya janye lasifikar daga gabana, ya tura ta ga almajirin nan da ke zaune a damana.