Fuskar Baba Saje

A gidanmu na Greenbelt, can ƙasar Turawa, babu murhu, sai na'urar ɗumi a gindin taga. Nan Kaka take shimfiɗa dardumarta bayan magariba, ni da ƙanwata Hadiza mu raɓe ta. Mukan roƙe ta tatsuniya, amma sau da yawa sai ta zaro wani tsohon hoto daga jakarta, mu kuwa gabanmu ya faɗi, don hoton tsoro yake ba mu. Wani tsoho ne zaune a kujera, lambobin soja reras a ƙirjinsa, fuskar kuwa ta dushe kamar hayaƙi.

Kakanta ne, Baba Saje, wanda ya yi yaƙin Jamus a Kamaru. A faɗarta ya haura ɗari, har ya ga aurenta. Wata rana mai hoto ya zo Kano da akwatinsa, 'ya'ya suka lallaɓa tsoho ya zauna. Mutumin ya kafa akwatin a kan ƙafa uku, ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle, ya daka tsawa: "Kada ka motsa!" Irin wannan ƙafa uku, da bindiga a kai, Baba ya gani a daji ranar da aka harbe abokinsa. Ana buɗe murfin akwatin Baba ya kau da kai. Har ya rasu bai sake yarda da hoto ba.

"To maigidana," Kaka takan ce da ni, "fuskar nan a kaina kaɗai ta rage. Buɗe kunne."

Sai ta zayyana hancinsa, wushiryarsa, tabon da ke goshinsa, ta ce mu maimaita. Mukan amsa da Turanci, hankalinmu na kan talabijin.

"Da Hausa, ja'irai! In na tafi wa zai san shi?"

Gaskiya ban riƙe ba. Gani nake Kaka tana nan, gobe ma rana ce.

Yanzu tana wajen Hadiza a garin Lanham, mantuwa ta kama ta. Makon jiya ɗiyata ta tambaye ni kamannin Baba Saje, na yi ta kame-kame, tsoro ya kama ni. Na bi babban titin Beltway da hoton a aljihu, na durƙusa gabanta, na miƙa mata shi.

"Kaka, ina wuni? Don Allah ki sake gaya mini kamanninsa."

Ta daɗe tana shafa lambobin da yatsa.

"Allah sarki, bawan Allah," ta ce. "Shi wannan ba shi da kowa ne?"