Goggo, Mai Kiwon da Ido Ba Ya Gani

Farfesa ya janye sakamakon binciken saura kwana biyu a tura shi mujalla, Likita kuma ya ƙara shekara guda kafin ya karɓi digirinsa na uku. Wadda ta jawo haka ita ce ma'aikaciyar ɗakin gwaji da kowa ke kira Goggo. Ranar Juma'ar da ta wuce ta ajiye aiki bayan shekara talatin da ɗaya, kuma mutanen nan biyu ne a sahun gaba wajen bankwana.

Aikin Goggo kiwo ne, sai dai abin da take kiwo ba ya ganuwa sai da madubin ƙara girma. Ƙwayoyin jikin ɗan Adam ne, a cikin kwalaben roba, a akwatin da ke riƙe ɗumin jiki. Ƙarfe bakwai na safe takan wanke hannu har gwiwa, ta sa safar hannu, ta ɗaga kwalaben ɗaya bayan ɗaya ta dubi ruwan abincinsu. In ja-ja ne, lafiya lau. In ya koma ruwan ɗorawa, yunwa suke ji. Kafin ta gama zagayen nan, ko shugaban sashe ne ya gaishe ta, kai kawai take ɗagawa.

Garke biyu gare ta: ƙwayoyin fata, da wani nau'in fararen ƙwayoyin jini da ake kira B, masu ƙera sinadarin garkuwar jiki. Dokarta ɗaya ce, ba a buɗe su tare. Na jini da safe, na fata da rana, kowanne da kwalbar abincinsa, a goge teburi a tsakani. Ɗalibai na ce mata mai raba aure. Ta sani, ba ta damu ba.

Tambayar da ɗakin ke bi ta daɗe tana cin ranta. Kowace ƙwaya a jiki na ɗauke da rubutun gado iri ɗaya, har da umarnin ƙera garkuwa, amma ƙwayar B kaɗai ke aiki da wannan umarnin. Goggo takan ce wa sababbin ɗalibai, "An raba wa kowa littafi iri ɗaya, mutum ɗaya ne ke buɗe wannan shafin. To, wa ke buɗe masa?" Masana sun san cewa wasu sinadarai da ake kira furotin ne ke zama a bakin umarnin su sa a karanta shi. Wanne ne, kuma shi da wa, nan gizo ke saƙa.

Likita, likitan yara ne da ya baro asibiti don wannan binciken, yana da iyali da ke ƙirga masa watanni. Ya zargi wani furotin guda. Sai ya ɗaure wa umarnin alama mai koren haske, wadda ke haskawa idan an karanta shi, ya sa a ƙwayoyin fata tare da furotin ɗin. Wata Talata kwalaben suka yi kore shar. Ke nan furotin ɗaya ya isa ya buɗe shafin. Farfesa, wanda ba a san shi da fara'a ba, ya zagaya ofis-ofis yana nuna hoto.

Goggo ma ta duba, amma ba hasken ta kalla ba. Ƙwayar fata takan manne a ƙasan kwalba ta baje. Waɗannan masu hasken kuwa zagayayyu ne, suna yawo a ruwa cunkus-cunkus. Ta san wannan tafiyar.

Ta sami Likita shi kaɗai. "Likita, ranar da na je jinyar ƙanwata, wane ruwa ka ba na fata?"

"Ruwan abinci mana, Goggo."

"Daga wace kwalba?"

Ya ce na fatar ne ya ƙare, ya ɗan tsiyaya daga na B. "Sau ɗaya ne fa. Cokali biyu bai kai ba."

"Ɗana, ƙwaya goma sun isa. Ai ba su san kunya ba, inda suka samu abinci nan suke haihuwa."

"In kika faɗa, shekara uku ta tafi."

"Shekara ɗaya," in ji ta. "In wani ya gano bayan an buga, sunanka ne zai tafi. Kai za ka faɗa, ni rakiya zan yi."

A ofis Farfesa ya saurara har ƙarshe, ya cire tabarau. "Goggo, kin tabbata?"

"Ranka ya daɗe, ban san furotin ba. Amma na san 'ya'yana."

Gwajin tantancewa ya ɗauki kwana huɗu. Ƙwayoyin B ne suka shiga cikin na fata, su ne ke haskawa.

Goggo, ke ce kika ga abin da masu digiri suka tsallake, don su amsa suke nema, ke kuwa garkenki kike dubawa. Ke ce kika fito da sababbin ƙwayoyi daga ma'ajiyar sanyi washegari, kika tsaya a kan Likita wata goma sha ɗaya ba tare da kin sake tayar da maganar cokali biyu ba. Sunanki bai hau kan takarda ko ɗaya ba, sai a layin godiya na can ƙasa. Mun gode. Masu tasowa a wannan aiki, ku riƙe dokarta, ku kuma koyi duban abin da ba shi aka aike ku dubawa ba.

Da aka maimaita gwajin da ƙwayoyi masu tsabta, furotin ɗin Likita shi kaɗai bai haska komai ba. Da aka haɗa shi da ruwan da aka tace daga cikin ƙwayoyin B, sai hasken ya fito, ɗan kaɗan. Ke nan yana da abokin aiki a can ciki. A kan wannan Likita ya samu digirinsa.

A wajen bankwana Goggo ta bar wa Farfesa lambar wayarta, ta ce a kira ta ranar da aka gano abokin. An gwada furotin goma sha huɗu zuwa yanzu. Babu shi a ciki.