Ummulkhair, 'Yar Barikin Jiniya

Ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, wadda ta yi daidai da 6 ga Zulƙida, 1445, jim kaɗan bayan sallar La'asar, Allah Ya karɓi ran Hajiya Ummulkhair Haruna a wani asibiti a nan Dubai, bayan ta yi mako biyar tana jinyar ciwon ƙoda. Shekarunta hamsin da shida. Na Allah muke dukanmu, kuma wurinSa za a tattara mu. Ina ofis a unguwar Port Saeed ina gyaran wani zanen gini mijinta, Malam Ɗalhatu, ya kira ni. Bai tsawaita ba, ya ce, "Murja, antinki ta cika." Washegari aka yi mata sutura, aka rufe ta a maƙabartar Al Qusais, nesa da ƙauyen da ta yi shekara goma tana tattara labarinsa.

Anti Ummu, mafi yawan waɗanda suka cika gidanki a kwanakin nan, a matsayin nas suka san ki. Shekara goma sha uku kika yi a ƙaramin asibitin nan na Al Khabaisi. Sun tuna yadda kike tsayawa tsakanin likita da majinyacin da ba ya jin Larabci ko Turanci, da yadda kike bin leburorin gini har bakin mota kina nanata musu lokacin shan magani. Damata, abokiyar aikinki 'yar Gana, ta ce tun da take ba ta taɓa ganin kin kira majinyaci da lambar layinsa ba, sai da sunansa. Duk gaskiya ne. Amma ni wani aikin naki nake so in rubuta, wanda mutanen Dubai ba su san girmansa ba.

A asibitin muka haɗu, a shekarar 2018, wata uku da zuwana. Fuka ta tasar mini. Kina ɗaura mini abin shaƙar magani kika duba katina, kika karanta sunan a hankali: Murjanatu Salisu Maifamfo.

Kika ce, "'Yar ina ce ke?"

Na ce Jos.

"Jos ta ina?"

Na ce cikin gari. Kika dube ni ta saman tabarau, kika ce, "Maifamfo ɗaya na sani a Filato, Isa, na Layi na Biyu a Barikin Jiniya. In ke jikarsa ce, to, ni na goya babanki."

Ƙarya kika kama ni da ita. Tun ina makarantar kwana a Kano na daina faɗin sunan garinmu. Ranar da na fara faɗa, 'yan ɗakinmu suka yi ta dariya, suka laƙaba mini "'yar bariki", kuma kowa ya san abin da ake nufi da wannan. Ba ki yi mini faɗa ba. Kin dai rubuta lambar gidanki a bayan takardar magani, kika ce in zo ranar hutu in ci gwate.

A falonki na fara jin tarihin inda aka haife ni. Kin ce kamfanin Turawa ne ya gina Barikin tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu, don ma'aikatan haƙar kuza. Kafin nan babu komai a wurin sai ciyawa da duwatsu. Layi shida aka jera na ɗakuna masu rufin kwano, kowane iyali ɗaki ɗaya da madafa a waje. Akawuna suna da gidajensu daban a gefen hanya, Bature kuma yana can saman tudu inda yake hango kowa. Jiniyar da ke tashin mutane aiki da asuba ita ta ba garin suna. Katsinawa da Barebari da Tibi da Ibo da Birom, duk famfo ɗaya suke ɗiba, Hausa kuma ita ta zama bakin kowa. Kakanki ba da son ransa ya zo ba, a ɗiban gwamna na lokacin yaƙi aka kwaso shi daga ƙasar Katsina, da riga ɗaya a jikinsa. Sanyin Filato ya kashe da yawa daga cikin waɗanda aka kawo su tare. Shi ya rayu, ya yi aure, ya haifi mahaifinki wanda ya zama helma, wato shugaban leburori. Mahaifiyarki kuwa shekara ashirin ta yi tana wankin kuza, ƙafafunta a cikin ruwa tun safe har azahar.

Kina da shekara goma sha takwas kasuwar kuza ta faɗi, kamfani ya rufe. Aka ɗauke wuta, aka kwashe injuna, aka bar wa mutane manyan ramuka cike da ruwa. Kin ce a watannin farko tsofaffi kan tashi da asuba su sa kayan aiki, su zauna a ƙofar ɗaki, ba su san inda za su nufa ba.

Tun 2014 kika fara neman waɗanda suka rage. Wasu suna Bariki, wasu sun watsu Bukur da Bauchi da Zariya da Makurɗi. Kina tashi daga aiki za ki zauna da waya da littafi, ki kira tsohuwa ko tsoho, ki roƙi izinin naɗar muryarsa. Wani sai kin kira shi sau biyar kafin ya saki jiki. Da na san ki, muryoyi sittin da huɗu kika tara. Na tambaye ki amfaninsu, kika ce, "Ban sani ba tukuna. Na dai ga suna mutuwa, kuma babu wanda ya tambaye su komai."

Rana ta biyu da na zo kika kunna mini wata tsohuwa, Inna Mariya. Tana ba da labarin shekarar da kamfani ya tafi, yunwa ta shigo, har mutane suka fara ɗaure kaya. Ta ce Isa Maifamfo ne ya je jujin ƙarafa, ya tsinto gawar wani injin ban ruwa, ya yi sati uku yana haɗa shi. Ya ja ruwa daga ramin kuza zuwa wani fili a bayan Layi na Shida, ya shuka kabeji da karas da dankalin Turawa. Mutane suna yi masa dariya, wai ƙasar da aka tone cikinta ba ta haihuwa. Da rani ya yi, shi kaɗai ne da abin kai wa kasuwa. Bai hana kowa injin ba. A shekara ta uku lambu ya zagaye ramin gaba ɗaya, waɗanda suka tafi suka fara dawowa. Ina da shekara shida kakana ya rasu, abin da na sani game da shi kawai tsoho ne mai tari. Na yi kuka a falonki ranar nan, kika bar ni na yi, sannan kika ce, "Yalla, maza share fuska. Na ji zane ne aikinki. Taswira nake so."

Haka muka fara. Ke kina da muryoyi, ni ina da kwamfuta. Tsoho zai ce ɗakinsa na uku ne daga bishiyar turare, sai mu nemi wani ya tabbatar, sannan in sa a zane. Muka fitar da layukan nan shida ɗaki bayan ɗaki, da sunan duk iyalin da ya taɓa zama a ciki, da masallaci, da coci, da ɗakin shan magani na kamfani, da maƙabartu biyu.

Amfanin da kika ce ba ki sani ba ya bayyana a 2021. Wani attajiri ya zo da takardu, ya ce ya sayi filin tsohon kamfani, har da ramuka da lambuna. Ya ce Bariki zangon wucin gadi ne, mazaunansa kuma 'yan share wuri zauna. Aka ba mutane wata uku su tashi. Iyali fiye da ɗari biyu, cikinsu har da mahaifiyata. Hukuma ta kafa kwamiti, kwamiti ya ce a kawo hujja.

A cikin muryoyinki, mutum bakwai sun ambaci wata takarda da manajan ƙarshe ya sa wa hannu, inda ya mallaka wa ma'aikata ɗakunansu da filin da ke kewaye. Dukansu sun ce tana hannun Baba Gyang, tsohon akawun kamfani. Shi kuwa Baba Gyang ya bar Bariki shekara goma sha ɗaya kafin nan, ranar da wasu matasa daga waje suka shigo a lokacin rikici suka cinna wa Layi na Huɗu wuta, inda mafi yawan Kiristoci suke. Babu wanda ya mutu, amma babu wanda ya fito ya tare su. Tun daga ranar bai sake taka garin ba, kuma duk kiran da kika yi masa bai ɗauka ba.

Kika ɗauki hutun da kike tarawa don Umara, kika hau jirgi. Da kika dawo kin ba ni labarin yadda kuka yi. Kin same shi a gidan ɗansa, ya bar ki a tsaye har ya gama cin abinci. Sannan ya ce, "Ummu 'yar helma. Ni na rubuta sunanki a rajista ranar da aka haife ki. Kuna ina ranar da aka ƙone ɗakina?"

Kika ce, "Muna cikin ɗakunanmu, Baba. Mun ji, mun rufe ƙofa. Tsoro muka ji, kuma ba mu kyauta ba."

Ya ce, "Takarda kika zo nema."

"Ita na zo nema. Amma ko ba za ka ba ni ba, wannan maganar da na faɗa tana nan, kuma ya kamata a ce tuntuni wani ya zo ya faɗa maka ita."

Kika shimfiɗa masa taswirar a kan tabarma. Ya daɗe yana bin Layi na Huɗu da yatsa, har ya iske sunansa a ɗaki na tara, da na matarsa marigayiya, da na 'ya'yansa biyar. Ya ce mun yi kuskure, ɗakinsa na goma ne. Ya nemi biro ya gyara da kansa. Bai ba ki takardar ba. Ya ce takardar da ya tsere da ita a cikin rigarsa ba zai damƙa wa kowa ba, shi zai kai ta da ƙafarsa. Ranar zaman kwamiti ya zo da sandarsa, ya ajiye ta a kan tebur, ya karanta ta da ƙarfi daga farko har ƙarshe. Wata biyu bayan haka aka soke umarnin tashi.

Ba ki taɓa yarda a ce ke kika ceci Bariki ba. Da matan garin suka aiko miki da turmin atamfa, kin ce a kai wa surukar Baba Gyang, matar ɗansa. Abin da ya dame ki shi ne tsohon ɗakin shan magani, wanda awaki suka mayar makwanci. Kika bi 'yan Bariki da ke nan da Sharja da Jidda ɗaya bayan ɗaya har aka yi masa sabon rufi. Burinki ki ajiye aiki a ƙarshen bana, ki koma ki riƙe shi, ɗaki ɗaya na majinyata, ɗaya na tarihi. Allah bai nufa ba.

Kwana huɗu kafin rasuwarki na zo duba ki da hantsi. Kin rame ƙwarai, amma hankalinki yana nan. Kika miƙo mini wayarki, kika ce akwai muryoyi tara da ba a rubuta ba, kuma akwai wata tsohuwa a Makurɗi da ta yi alkawarin magana tun bayan Ƙaramar Sallah, kada in bari ta wuce. Na ce za mu kira ta tare. Kika yi murmushi, kika ce, "Murja, ni nas ce, na iya karanta takardar gwajina. Halas, shi ke nan. Ki dai kira ta."

Na kira ta, Anti. Ta yi awa biyu tana magana, kuma ta san mahaifiyarki. Muryoyi sun zama ɗari da goma sha biyu yanzu. Zaituna, 'yarki, ta gama karatun ungozoma, ta ce ita za ta buɗe ɗakin shan maganin a watan Oktoba. Yaran firamaren Bariki sun kwafi taswirar a bangon ajinsu, kowa yana nuna ɗakin kakansa. Mahaifiyata kuma ta gaya mini cewa kwana uku Baba Gyang ya yi zaune a tabarmar makokinki a Bariki tare da liman, yana karɓar gaisuwa kamar uba. Kafin ya tashi ya sa an kira masa kafinta. Ya ce a rufa masa ɗaki na goma kafin ruwa ya yi ƙarfi, gida zai dawo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Ɗalhatu, wanda ya yi shekaru yana cin abinci a makare saboda wayoyinki bai taɓa ƙorafi ba, da 'ya'yanki Zaituna da Aminullahi, da abokan aikinki na Al Khabaisi, da mutanen Barikin Jiniya na gida da na waje, Musulminsu da Kiristansu. Allah Ya ba mu haƙurin rashi.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Ummulkhair. Ka sa jinyarta ta zama kaffara, Ka yalwata kabarinta a wannan ƙasa ta baƙunci, Ka haskaka shi. Ka yafe mata kurakuranta, Ka karɓi aikinta, Ka sa ladansa ya ci gaba da isa gare ta muddin ana kwana a ɗakunan nan. Ka jiƙan iyayenta da kakanninmu da suka haƙa ƙasar nan da hannuwansu. Ka sada ta da su a Aljanna Firdausi, mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.

Murjanatu Salisu Maifamfo, 'yar Layi na Biyu, Barikin Jiniya
Daga Deira, Dubai