Itacen Jegon Inna

Da safen nan maƙwabcinmu yana faskare, ƙarar gatarin ta mayar da ni gidanmu na unguwar Fezzan. Ina yarinya lokacin, ban fara ɗaukar tulu ba.

Baba wankin hula yake yi a Hausari. Abin da ya samu yau, yau ake cinye shi. Ba don ba ya samu ba. Hannunsa ne ba ya riƙe kuɗi: wannan ya zo da kukan ciwo, wancan da na haya, shi kuma bai iya cewa babu ba. Kaka, mahaifiyarsa, ta san halin ɗanta. Da ta ga Inna ta fara ƙin warin miya, sai ta kafa masa doka. Ba zai shigo gida ba sai da itace a kafaɗa, ko guda ɗaya ne.

A unguwarmu ba a sanar da ciki da baki. Itace ne ke faɗa. Mai jego tana wanka da ruwan zafi safe da yamma har arba'in, wutar kuwa miji ke ciyar da ita. In ka ga itace na taruwa a bayan ɗaki, ka gane, ka yi shiru.

Namu ya taru duk tsawon rani. Ƙirya da marke, busassu, in ka buga biyu sai su yi ƙara kamar ƙarfe. Kunamu suka tare a ciki, aka hana mu wasa a wurin. Ko girki ba a zara. Da hadari ya fara haɗuwa, Baba ya rufe shi da tsohon kwanon rufi, ya danne da duwatsu.

Ana nan Baffa, ƙanin Baba, ya tashi aure. Ya zo neman aron itace na girkin biki. Baba har ya buɗe baki zai ce to, Kaka ta riga shi.

"Aro? In ya zama toka, tokar za ka dawo min da ita?"

Baffa ya yi fushi, ya daɗe bai gaishe ta ba. Ko a jikinta.

Naƙuda ta zo tsakiyar damina. Ungozoma ta duba, ta wanke hannu, ta ce ɗan ya kwanta a gicciye, a tafi asibiti. Can aka ce tiyata, kuma sai an biya. Damina hula ba ta bushewa, aljihun Baba fayau. Na ga ya tsaya a tsakar gida, ruwa na dukansa, bai ma sani ba.

Kaka ba ta yi kuka ba. Ta aika aka kira mai gidan burodin layinmu, wanda itacensa duk ya jiƙe, tandarsa sai hayaƙi. Ya ɗaga kwanon, ya ga kaya, ya taya da arha don ya san halin da muke ciki.

"Rufe min," in ji Kaka. "Je ka gasa burodinka da laka."

Ya kai ƙofa, ya dawo. Ya biya yadda ta faɗa. Kafin la'asar an shiga da Inna.

Ta fito da rai, da ƙanina. Likita ya hana wankan ruwan zafin saboda ɗinki. Kaka ta ce ba komai, dama itacen na Inna ne, kuma ya yi mata aiki.

Na ga abubuwa bayan nan. Na binne nawa, na rasa gida, na sake kafawa. Abu guda na riƙe: ciki ba ya zuwa ba zato, yana ba ka watanni. Wanda ya ɓata su shi ya so.

Yanzu ɗana na tuƙa keken haya, matarsa na da ciki. Da gas suke girki, ba su da bayan ɗaki. Ya ce yana tara kuɗi a waya. Kuɗin waya kowa na iya kiranka ya ce turo min, shi kuma halin kakansa ya ɗauko. Na ce duk sati ya kawo min gero ko wake, in zuba a buhu a ƙarƙashin gadona. Ranar da aka buƙata, kasuwa na nan.

Makon jiya abokinsa ya tashi biki, ɗan nawa ya zo wai in ba shi buhu ɗaya, zai mayar.

"Mama, zamani ya canza fa."

Na ce masa ya je ya tambayi matarsa ko naƙuda ma ta canza. Na ja ƙofata.