Turmin Kaka a Hannun Kwastan

Jiya da hantsi maƙwabcinmu na sama yana gyaran ɗakinsa, yana buga wani abu a ƙasa, dum, dum, a hankali, kamar mai jiran numfashinsa ya dawo tsakanin bugu da bugu. Ina tsaye ina yanka albasa, sai na ajiye wuƙar na nemi kujera. In ka tashi a gidan da ake daka, ka san ƙarar da ƙafa ke fara ji ta cikin ƙasa kafin kunne ya ji.

A Unguwar Sarki na tashi, a gidan mahaifina, ma'aikacin gwamnati. Kaka, wato mahaifiyarsa, ta dawo wurinmu daga ƙauyensu na wajen Zariya bayan rasuwar mijinta, tun ina rarrafe. An ce abu uku ta zo da su: akwatin ƙarfe, buta, da turmi. Baba ya ce mata akwai injin niƙa a bakin layi, ta bar turmin can. Ta ce to ita ma a bar ta can.

Turmin na itacen ƙirya ne, mahaifinta masassaƙi ya sassaƙa mata shi da za a kai ta ɗakin miji. Ya yi baƙi da tsufa, bakinsa ya yi sulɓi, kuma a gefe ɗaya akwai tsagewar da aka ɗaure da faffaɗan gwangwani da ƙananan ƙusoshi. Ko babu komai a ciki, in ka sunkuya sai ka ji citta da kanumfari da daddawa, ƙamshin shekaru da yawa a haɗe. Da damina, in hadari ya taso daga gabas, Kaka ba ta damu da shanya ba, turmin take fara cewa a mirgina ƙarƙashin rumfa. Da azumi kuwa, tun la'asar take sa mu dakan gero na kunu, tana zaune a kujera 'yar tsugunno tana gyara mana tsayuwa da bakin muciya.

A kansa na koyi lugude. Ranar da na fara jefa taɓarya sama na tafa na cafe, sai ta faɗo mini a babban yatsa, farce ya yi baƙi. Kaka ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ɗora ƙafar a cinyarta tana shafa man kaɗanya.

"Ƙawata," haka take kirana, "turmin ma ya gaishe ki ne. Yanzu kun san juna."

Na yi aure, na haihu biyu, sai maigidana ya samu aiki a wata ƙasa mai nisan gaske, bayan teku. Jirgin sama ba ya ɗaukar gida, sai muka nemo wani mai aika kaya ta jirgin ruwa. Ya zo gidan Baba da kwalaye da sikeli da doguwar takarda, domin a can muka tara komai. Ya yi mana bayani cewa dole a rubuta kowane abu da ƙimarsa. Abin da aka daɗe ana amfani da shi ba a cika karɓar haraji a kansa ba, sabo kuwa sai an biya kwastan.

Ana cikin naɗe-naɗe sai ga Kaka ta fito, dafe da bango, lokacin idonta ya riga ya yi rauni. Ta ce a haɗa da turmin.

Mutumin ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Hajiya, da za a ji tawa, da an bar shi. Mutanen can suna da tsanani a kan itace."

"In ta je can da me za ta daka wa 'ya'yanta yaji?"

"To nawa zan rubuta kuɗinsa? Kuma shekararsa nawa?"

"Rubuta ya girmi ubanta."

Kowa ya yi dariya. Gwaggo, ƙanwar Baba, ita kaɗai ba ta yi ba. Ta zo daga Rigasa don yi mini sallama, na ga ta kalli turmin ta kawar da kai. Na gane abin da ke ranta, amma na yi kamar ban gani ba, domin ina so. Ina tsoron tafiyar, kuma gani nake in yana tare da ni ban bar gida duka ba.

Kayan suka bi mota zuwa Legas, mu muka bi sama. Wata huɗu muna kwana a kan katifa ɗaya a gidan haya, kafin takarda ta zo cewa sun iso. Tare da ita akwai haraji a kan atamfofin da Mama ta saya mini ba a ɗinka ba, da sababbin tukwane, da kuɗin ajiya da ke ƙaruwa kowace rana. Muka haɗa abin da muke da shi muka biya, domin kayan sanyin yara na ciki. A ƙasan takardar kuma aka rubuta cewa an riƙe abu ɗaya.

Na je da kaina. Wani ƙaton ɗakin ajiya ne mai sanyi, ga turmin can a kan wani katako, an naɗe shi da leda, an manna masa jar takarda. Ma'aikaciyar ba ta yi mini wulaƙanci ba. Ta haska fitila ta nuna mini ƙananan ramuka a gindinsa da garin itace da ke zubowa, ta ce akwai ƙwari a ciki, kuma a cikin tsagewar akwai tsohuwar tsaba da ƙasa. Ta ce ba za su yarda da feshi ba, don ba su da tabbacin zai kai can ciki. Ko dai mu mayar da shi inda ya fito da kuɗinmu, ko a ƙone shi. Ta ba ni kwana bakwai.

Kuɗin mayarwar ya fi ƙarfinmu a lokacin, ko kuma in faɗi gaskiya, da na buga wa Baba da ya nemo. Kunya ce ta hana ni. Yaya zan ce abin da aka ce in bari na ɗauko, ga shi ya zama wahala? Ran kwana na shida na koma na sa hannu. Na roƙi matar ta bar ni in taɓa shi. Ta ba ni safar roba, ta ɗan yage ledar ta sama. Na sunkuya, ƙamshin yana nan yadda na san shi. Ta juya baya ta yi kamar tana duba takardu har na gama.

Ranar Juma'a aka haɗa ni da Kaka a waya.

"Ya iso?"

"Ya iso, Kaka."

"Kin daka a ciki?"

Na ce maƙwabta ba sa son ƙara.

"Ki shimfiɗa tsumma a ƙarƙashi, ƙawata. Kada ki bar shi zaune, in ba a daka yana tsagewa."

Na ce to. Shekara ɗaya da rabi ina cewa to. Mama ta ba ni labari cewa duk baƙon da ya shigo sai Kaka ta gaya masa turmin ubanta ya hau teku, ita da ko Kano sau ɗaya ta taɓa zuwa. Ta rasu cikin damina, ban samu jana'iza ba.

Yanzu shekara tara ke nan. 'Ya'yana sun girma da yajin kwalba, babbar ma ba ta son yaji. An ce a layinmu na dā ba ka ƙara jin daka sai da salla, kowa ya koma inji. Bara 'yar ƙanwata za ta tafi karatu waje, ta tambaye ni abin da za ta ɗauka. Na ce ta ɗauki abin da in ya salwanta kasuwa za ta mayar mata, saura ta bar wa na gida. Da na ajiye wayar sai na ji ba zan iya ci gaba da riƙe maganar ba, na kira Gwaggo, wadda tun rasuwar Baba ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Kaka. Na faɗa mata komai, har sa hannun.

Ina jin kukan awaki a bayanta.

"Allah ya jiƙan Inna," ta ce. "Ai da kin bar mana shi."

Sai ta shiga tambayata lafiyar yara.