Maɗorin da Ya Ƙi Rufe Ido

Nu'umanu maɗori mutumin Fakku ne, gajere, mai tafin hannu kamar faifai. Ɗori gadon gidansu ne. Kakansa ya yi wa jakuna, ubansa ya yi wa makiyaya, shi kuma Allah ya kawo shi zamanin kabu-kabu, sai sana'a ta buɗe. Matarsa Umma kan ce duk ƙashin da ya karye tsakanin Kebbe da Tambuwal ya san hanyar zaurensu, ban da ƙafar kujerarta da ta shekara uku tana jiran gyara.

Ba shi da surutu, bawan Allah. Ka gaishe shi da safe, amsar ta iske ka da hantsi.

Wata damina motar 'yan mishan ta taso daga Tambuwal, direba ya kauce wa saniya, motar ta zame ta kwanta cikin kwazazzabo. Saniyar ko waiwaye ba ta yi ba. Mutum uku suka fito da 'yar ƙujewa. Na huɗun, Fasto Luka, wani dattijo mutumin Zuru, ƙwaurinsa ya karye, ƙashin yana neman huda fata. Ruwa ya cinye hanya gaba da baya, babu motar da za ta iso, in kuwa aka ɗora shi a babur, ƙafar ta tafi ke nan. Sai aka kira Nu'umanu.

Ya zo da kara da tsumma, ya durƙusa, ya shafa ƙafar, ya sa ƙarti biyu suka danne cinya. Fasto yana zufa ya ce, "Jama'a, kafin a ja, ku taimake ni da addu'a. Kowa ya rufe ido."

Abokan tafiyarsa suka sunkuyar da kai suka rufe ido. Mutanen gari kuwa suka ɗaga tafuka, ido buɗe tangararan, kamar yadda suka saba. Wani makiyayi ya leƙa fuskar direba ya ce, "Subhanallahi, wanga ma ya suma! A kawo ruwa!"

Fasto ya buɗe ido ɗaya ya dubi maɗori. "Malam, ai kai ba ka rufe ba."

"Baba Fasto," in ji Nu'umanu, "in na rufe ido, sai in ɗora maka ƙafa tana kallon Kebbe, kai kana kallon Tambuwal. Kai dai rufe naka, ni ka yin tau addu'ar haka nan."

Dariya ta kuɓuce wa Fasto, jikinsa ya saki. Abin da Nu'umanu ke jira ke nan. Ya yi bisimilla ya ja, ƙashi ya ce ƙas, ya koma mazauninsa. Fasto ya kurma ihu, masu ido rufe da masu ido buɗe suka ce amin a tare.

Kwana biyar Fasto ya yi a zauren Nu'umanu yana shan furar Umma, kafin hanya ta bushe a kai shi asibiti. Likita ya ɗauki hoton ƙafar, ya juya shi sama ya juya shi ƙasa, ya ce shi bai ga abin da zai ƙara ba.

Yau Fasto Luka da ƙafarsa yake hawa mumbarin cocinsa, sai ɗan ɗingishi kaɗan in sanyi ya sauka. Da labarin ɗingishin ya iske Nu'umanu, ya ci gaba da gyaran karan ɗorinsa. Can ya ce, "Ba hannuna ba ne. Dariyar Baba Fasto ce ta yi yawa."